Gatari Ne Gangarsu: Waƙoƙin Fursunonin Amurka da Asalin Kiɗan Blues

A watan Satumban 1959, wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙin gargajiya, Alan Lomax, ya kafa na'urar ɗaukar sauti a gidan yarin Parchman da ke jihar Mississippi. Wasu fursunoni baƙar fata ne a gabansa suna saran itace. Ɗaya daga cikinsu, James Carter, shi ke bayar da waƙa, saura suna amshi, gatura kuma na sauka a lokaci guda. Waƙar labarin wani mutum ce mai suna Lazarus da 'yan doka suka bi sawunsa har suka harbe shi. Aka gama ɗauka, Lomax ya naɗe kayansa ya tafi, Carter ya koma bakin aikinsa.

Bayan shekara 41, wannan murya ce ta buɗe fim ɗin O Brother, Where Art Thou? na shekarar 2000. Faifan waƙoƙin fim ɗin ya sayu miliyoyi, ya kuma lashe babbar kyautar Grammy a 2002. Da aka shiga cigiyar mai muryar, sai aka same shi a birnin Chicago, dattijo mai shekara 76, ya ma manta da ranar da aka ɗauki waƙar. Aka miƙa masa cakin dala 20,000. A shekarar da ta biyo baya ya rasu.

Ana yawan ba da wannan labari don a nuna cewa haƙƙi ba ya ɓata. Ana kuma haɗa shi da wata magana da ta zama ruwan dare a littattafan kiɗa da finafinan tarihi, wai a gidan yari aka haifi kiɗan blues, wanda daga gare shi manyan kaɗe-kaɗen Amurka na zamani suka tsiro. Maganar tana da daɗin ji, amma tarihi bai goya mata baya ba, kuma tana yi wa gidan yarin kwalliyar da bai cancanta ba. Parchman da ire-irensa ba su ƙirƙiri kiɗa ba. Abin da suka yi shi ne tsare mutane cikin irin aikin zamanin bauta, shekaru da dama bayan an ce bauta ta ƙare, don haka waƙar da ke tafiya da wannan aiki ta ci gaba da rayuwa a can bayan ta soma ɓacewa a waje.

Ƙofar da aka bi tana cikin tsarin mulkin ƙasar. Gyara na 13, wanda ya haramta bauta a 1865, ya yi togiya guda: ban da wanda kotu ta kama da laifi. Jihohin kudu, waɗanda suka wayi gari babu bayin da za su noma musu auduga da rake, ba su yi wata-wata ba. Suka kafa dokokin da za a iya kama baƙin mutum saboda zaman banza ko rashin takardar aiki. A 1876 Mississippi ta yi dokar da ta mayar da satar alade ko saniya, ko duk abin da ya kai dala 10, babban laifi mai ɗaurin da ya kai shekara biyar. Fursunonin jihar da suke 272 a 1874 suka zama 1,072 a 1877. Gwamnati kuma ba ta ajiye su a kurkuku ba, hayarsu ta riƙa bayarwa ga masu gandu, kamfanonin jirgin ƙasa da masu haƙar kwal. Mai bawa a da yana da dalilin barin bawansa da rai, domin dukiyarsa ce. Wanda ya yi hayar fursuna ba shi da wannan dalili: idan ɗaya ya mutu, sai a aiko da wani. Masanin tarihi David Oshinsky, wanda ya rubuta littafi kan Parchman a 1996, ya ce a Mississippi ba a sami fursunan haya ko ɗaya da ya rayu har ya kammala ɗaurin shekara goma ba. Jihar Alabama ba ta daina wannan ciniki ba sai 1928. A 2018, masu haƙa harsashin ginin makaranta a Sugar Land ta jihar Texas suka ci karo da kaburbura 95 na irin waɗannan fursunoni da suka mutu a gonakin rake.

Da surutu ya yi yawa kan hayar, sai jihohin suka buɗe gandayen kansu. An sayi filin Parchman a 1901, ya faɗaɗa har ya kusa eka 20,000. Babu katanga, sai sansanoni a warwatse cikin gonar auduga, kowane da sajansa. Masu gadi da bindiga fursunoni ne 'yan'uwansu da aka amince wa, kuma wanda ya harbe mai gudu yana iya samun afuwar gwamna. Akwai wata dorina ta fata mai faɗi da fursunoni ke kira Black Annie, ita ce hukuncin wanda bai cika awon audugarsa ba. A 1905 kaɗai gonar ta kawo wa jihar ribar dala 185,000. Haka abin yake a Angola ta Louisiana, tsohon gandun bayi mai eka 18,000, da kuma gonakin rake na bakin kogin Brazos a Texas.

A nan ne waƙar ta zama kayan aiki, daidai da gatari da fartanya. Idan mutane da yawa suka kewaye bishiya guda suna sara, wanda ya ɗaga gatari ba a kan lokaci ba zai iya datse hannun na kusa da shi. Waƙa ce ke faɗa wa kowa lokacin ɗagawa da lokacin saukewa. A wajen noma kuwa, inda ake jera mutane sahu guda da fartanyu, gandiroba a kan doki yana lura da wanda aka bari a baya, kuma shi ne zai sha bulala. Mai bayar da waƙa yana iya rage sauri kaɗan-kaɗan ba tare da an farga ba, ta yadda tsoho da marar lafiya za su iya bin sahu. Idan kowa na tafiya a kan ƙafa ɗaya, babu wanda za a ware. Bruce Jackson, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar waɗannan waƙoƙi a gidajen yarin Texas tun daga 1964, ya nuna cewa ba zaƙin murya ake nema a wurin jagora ba. Ana neman wanda bugunsa ba ya kuskure, muryarsa na kai wa ƙarshen sahu, kuma baitoci ba sa ƙare masa ko da za a wuni.

Sannan akwai abin da ba a iya faɗa da baki sai a waƙa. A ciki ake yi wa kaftin mai kula da su habaici, a ambaci sunan wanda ya tsere, a roƙi rana ta faɗi, a kira sunan matar da ta daina aiko da wasiƙa. Maganar da za ta jawo dorina idan an furta ta a tsaye, sai ta wuce idan an rera ta, domin mai gadi yana son jin waƙa: muddin yana jin amshi, ya san mutanensa suna nan kuma aiki na tafiya. Wannan shi ne ɗacin abin. Waƙar tana kare fursuna, tana kuma ƙara wa gandun amfani.

Mai karatu Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan waƙar aiki. Ya san gayya, ya san yadda gangar noma ke sa samari su manta da gajiya, ya san waƙar niƙa da ta daɓe. Sai dai a gayya makaɗi daban ne, yana bin manoma da gangarsa yana wasa gwani, a yi masa kari, da yamma a ci tuwo kowa ya tafi gidansa. A Parchman babu makaɗi, babu ganga, babu mai tafiya gida. Tun bayan tawayen bayi na Stono a 1739, Carolina ta Kudu ta haramta wa bayi ganga a 1740, kuma a mafi yawan kudancin Amurka kiɗan ganga irin na Afirka bai rayu ba. Ƙarar gatari a jikin itace da nishin da ke biyo ta su suka tsaya a gurbinta.

Yadda duniya ta ji waɗannan muryoyi ya faro ne a 1933, lokacin da John Lomax da ɗansa Alan, yana ɗan shekara 18, suka ɗora wata na'ura mai nauyin fiye da kilo 140 a bayan motarsu Ford, suka shiga zagayen gidajen yarin kudu da sunan Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka. Dalilin uban a fili yake. Yana neman baƙaƙen da rediyo da garmaho ba su taɓa kunnensu ba, kuma ya yi imani cewa wanda aka kulle shekara 20 a gandu shi ne ma'ajiyar tsohuwar waƙa. A Sugar Land suka sami James Baker, wanda ake kira Iron Head, da Moses Platt, wanda ake kira Clear Rock. A Angola suka sami Huddie Ledbetter, wato Lead Belly, da jitarsa mai tsirkiya 12.

Ba za a raina aikin nan ba. Ba don Lomax da ɗansa ba, da yawancin waƙoƙin sun bi masu su kabari. Amma ba za a rufe ido a kan yanayin da aka ɗauke su ba. Baturen da ya zo da izinin shugaban gidan yari, gandiroba na tsaye da bindiga, idan ya ce a yi waƙa, wa zai ce a'a? Lead Belly ya fito a 1934, kuma bayanan gidan yarin sun nuna cewa rangwamen kyakkyawan hali ne ya fitar da shi, ko da yake an yi ta yaɗa cewa waƙa ce ta sa gwamna ya sake shi. Ya zama direban John Lomax. A wani ɗan fim na labarai na 1935 an sa masa kayan fursuna don ya maimaita rayuwar da ya baro. Ba su cika shekara tare ba suka rabu a kan kuɗi. Lead Belly ya rasu a Disamban 1949 ba shi da wani abin kirki, kuma a 1950 ƙungiyar The Weavers ta ɗauki waƙarsa Goodnight, Irene ta kai ta ƙololuwar kasuwa. A takardar mallakar waƙar, sunan John Lomax na nan kusa da nasa.

Daga wannan tafiya ne tunanin ya samu gindin zama cewa gidan yari shi ne mafarin komai. Amma a duba shekarun. A 1903, lokacin da Parchman ke kan share daji, mawaƙi W. C. Handy ya ji wani mutum a tashar jirgin ƙasa ta Tutwiler, 'yan kilomita daga gandun, yana goga wuƙa a kan tsirkiyar jita yana maimaita layi guda sau uku. A shekarar ce kuma Charles Peabody, wani mai haƙar kayan tarihi daga jami'ar Harvard, ya wallafa bayanin waƙoƙin da leburorinsa ke yi a gundumar Coahoma. Handy ya buga The Memphis Blues a 1912. Mamie Smith ta yi faifan Crazy Blues a 1920, ya sayu kamar me. Charley Patton, wanda ake ɗauka uban blues ɗin yankin Delta, ya tashi ne a gandun Dockery, cikin gundumar da Parchman take, yana kiɗa a gidajen rawa na daren Asabar. Kafin na'urar Lomax ta shiga kowane gidan yari, blues ya riga ya yi shekara 13 a kasuwar faifai.

Siffar ma ta bambanta. Waƙar gatari ta jama'a ce, babu kayan kiɗa, tsawonta tsawon aikin ne. Blues kuwa muryar mutum ɗaya ce da jitarsa, yana magana a kan kansa, yana kiɗa don a yi rawa a biya shi. Kiɗan mutumin da ke iya ajiye fartanya ya hau jirgi ya bar gari ne, ko da bai san inda za shi ba. Wannan 'yancin tafiya, duk ƙanƙantarsa, shi ne abin da fursuna ba shi da shi.

To ina dangantakar? Uwa ɗaya ta haife su. Waƙar gona ta zamanin bauta ta rabu biyu: akwai ta taro mai jagora da amshi, akwai kuma doguwar kururuwar da mutum ɗaya ke yi shi kaɗai a bayan alfadari ko a tsakiyar auduga, ba ta da bugu, tana hawa tana sauka yadda numfashi ya ba da dama. Blues ya ɗauki lanƙwasar murya daga wannan ta biyun. Daga ta farkon kuma ya ɗauki tsarin kira da amsawa, sai dai jita ce ta zama 'yar amshi: mawaƙi ya faɗi rabin layi, tsirkiya ta ƙarasa. Baitoci ma suna yawo tsakanin gona, sansanin masu gina madatsar kogin Mississippi, layin dogo, gidan rawa da gidan yari, domin mutanen ɗaya ne. Wanda ke leburanci bana, baɗi yana iya kasancewa a Parchman saboda bashi ko faɗa. Abin da faifan gidan yari ke bai wa mai sauraro shi ne dama ya ji yadda babban yayan blues yake, tunda babu na'urar da ta ɗauki muryar bayi a gona kafin 1865.

Son House da Bukka White sun isa misali. House ya riga ya fara kaɗa jita kafin a kai shi Parchman a ƙarshen shekarun 1920 bisa laifin kisa a wani wurin rawa, kuma bayan fitowarsa ne Robert Johnson da Muddy Waters suka sha daga salonsa. White ya yi faifai tun 1930, kuma waƙarsa Shake 'Em On Down tana kasuwa a 1937 lokacin da aka ɗaure shi. John Lomax ya same shi a can a 1939. Da ya fito, ya shiga ɗakin ɗaukar sauti a Chicago a 1940 ya zubo waƙoƙin da har yau suke cikin mafi nauyi a tarihin wannan kiɗa, a kan kayan fursuna, zaman kotu, zazzaɓi da mutuwar uwa. Da blues ɗinsu suka shiga. Gidan yarin abin faɗa ya ƙara musu.

Akwai kuma matan da ba a cika ambata ba. A 1939 Herbert Halpert ya shiga ɗakin ɗinki na sansanin mata a Parchman ya ɗauki wata fursuna, Mattie May Thomas, tana waƙa ita kaɗai ba kiɗa. Duk wanda ya saurari waɗannan 'yan mintoci zai ji daidai gaɓar da kururuwar gona ke rikiɗa ta zama blues. Bayan wannan ɗauka, tarihi bai adana wani abin kirki game da rayuwarta ba.

Tushen ya miƙa har gida. Paul Oliver na Ingila a 1970, da Gerhard Kubik na Ostiriya a littafinsa na 1999, sun kawo hujja cewa salon blues ya fi kama da kiɗan ƙasashen Sudan ta Yamma da ta Tsakiya, inda ake waƙa da kayan tsirkiya irin su goge, garaya da molo, fiye da kiɗan ganguna na bakin teku. Cikin misalan Kubik akwai wani mai goge Bahaushe da ya ɗauka a Kamaru a 1964, da wata mata 'yar ƙabilar Tikar tana waƙa a kan dutsen niƙa, wadda ya kwatanta da faifan wata mawaƙiyar Mississippi na 1936. Masaniyar tarihi Sylviane Diouf kuma ta jawo hankali kan yadda kururuwar masu gina madatsar kogi ke kama da kiran salla, ganin cewa akwai Musulmi da yawa cikin waɗanda aka kwasa. Kama ba ta zama shaidar gado kai tsaye ba, kuma blues a ƙasar Amurka aka ƙera shi, daga wahalar Amurka. Duk da haka, Bahaushen da ya saurari faifan Parchman na 1947 da 1948 zai ji wani abu a karyawar muryar da ba baƙo ba ne a kunnensa.

Waƙoƙin sun mutu ne a lokacin da ya kamata su mutu. Injin cirar auduga da tarakta sun rage aikin hannu. Aka fara haɗa baƙi da farare a sahu ɗaya. Sama da duka, samarin da suka taso a zamanin gwagwarmayar neman 'yanci suka ƙi yi. Jackson ya tarar cewa matasan fursunoni suna kallon waƙar gatari a matsayin abin zamanin bauta, na tsofaffi masu sunkuyar da kai. A 1961, da aka kulle ɗaruruwan masu fafitikar hana wariya a motocin safa a Parchman, cikinsu har da John Lewis da Stokely Carmichael, su ma sun yi waƙa dare da rana, amma ta neman 'yanci, har gandirobobi suka kwashe musu katifu don su yi shiru. A 1972 alƙalin tarayya William Keady ya yanke hukunci cewa yadda ake tafiyar da Parchman ya saɓa wa tsarin mulki, aka kawo ƙarshen bai wa fursuna bindiga ya tsare ɗan'uwansa. Masu kukan cewa an yi asarar al'ada su tuna da abin da ake buƙata kafin a ci gaba da jin ta: sahu, dorina da mutum a kan doki.

Abin da bai mutu ba shi ne cinikin. Black Betty, wadda Iron Head ya jagoranta a 1933, ta zama fitacciyar waƙar ƙungiyar Ram Jam a 1977. Rosie, wadda aka ɗauka a Parchman, ita ce ƙashin bayan Be My Husband ta Nina Simone a 1965, kuma muryoyin fursunonin ne da kansu ke buɗe Hey Mama ta David Guetta a 2015, waƙar da aka yi ta rawa da ita a duniya. A jikin tsofaffin fayafayan, da yawa daga cikin mawaƙan laƙabi kawai aka rubuta musu, irin su Tangle Eye, Hard Hair da 22, sauran kuma adadi ne: fursunoni goma da gatura. Cibiyar da Alan Lomax ya bari ta yi ƙoƙarin gano wasu magada, ta kuma saka taskarsa a intanet kyauta tun 2012, kuma wannan abin yabo ne. Sai dai an samu James Carter ne saboda sunansa na cikin takarda kuma kuɗin ya yi yawan da ba za a kau da kai ba. 'Yan amshinsa, waɗanda ba don su ba babu waƙar, babu wanda ya kai musu caki.

Togiyar 1865 kuma tana nan daram a tsarin mulkin tarayya. Jihar Colorado ta cire irinta daga nata a 2018, Alabama, Tennessee, Oregon da Vermont suka bi a 2022. A Louisiana ƙuri'ar ta faɗi a 2022 ɗin, bayan wanda ya gabatar da ƙudurin da kansa ya ce lafazinsa ya rikice, kuma masu zaɓe a California sun ƙi amincewa a 2024. Texas ba ta biyan mafi yawan fursunoninta ko sisi. A Angola har yanzu ana fitar da maza, akasarinsu baƙar fata, zuwa gonar da bayi suka noma, wasu a kan senti 2 a awa, wasu kyauta. A 2023 wasu daga cikinsu suka shigar da ƙara a kotun tarayya, kuma a 2024 alƙali ya umarci hukumar gidan yarin ta samar musu da inuwa da hutu idan zafi ya tsananta.